2.3 Rabe-Raben Jinsin Ralstonia da Asalin Sunansa

Tumatir na cikin amfanin gonar da manoman Ikara da Makarfi da Kudan suka dogara da shi, musamman a noman rani. Daga cikin cututtukansa akwai ciwon yaushi, wanda wata ƙwayar bakteriya ke haddasawa. Takan toshe hanyoyin da ruwa ke bi zuwa ganye, sai shuka ta yanƙwane alhali tana kore.

Sunan wannan ƙwaya ya sha canzawa, kuma malamin gonar da bai san haka ba zai tsallake tsofaffin rahotanni yana zaton wata cuta suke nufi. Erwin Smith ne ya raɗa mata Bacillus solanacearum a 1896. Daga baya aka mayar da ita jinsin Pseudomonas, inda ta daɗe. Da binciken ƙwayoyin gado ya nuna ba danginta ba ne, sai Yabuuchi da abokan aikinsa suka kai ta Burkholderia a 1992. A 1995 kuma suka keɓe sabon jinsi, wato Ralstonia, domin karrama masaniya Ericka Ralston ta Amurka. A 2014 an sake kasa ƙwayar gida uku, nau'in da asalinsa Afirka ne ya faɗa cikin Ralstonia pseudosolanacearum.