Katin Shaida a Ƙofar Gidan Caca: Abin da Doka ta Ce

Daga cikin tambayoyin da samarinmu na Yako da Kiru da Bebeji, har zuwa Tudun Wada da Doguwa, suke komowa da su gida in sun dawo daga cin rani a Ikko ko Abuja, akwai wata wadda in an ji ta da fari sai a ɗauka hirar 'yan zaman kashe wando ce, alhali kuwa in an tona ta sai a tarar da ilmi a ƙarƙashinta. Suna tambaya, shin manyan gidajen cacan nan da ke cikin otal-otal, irin na Federal Palace a Ikko da na Transcorp Hilton a Abuja, doka ce ta wajabta musu neman katin shaidar wanda ya zo, ko kuwa tsarin masu gida ne kurum, wanda za su iya ɗagawa in sun ga dama? Mai karatu yana iya cewa ina ruwan manomin masara da rake da wannan mas'ala, tun da yake daga Kwanar Dangora har bakin dajin Falgore ba za ka ga gini guda da aka rubuta wa kasino ba. To, ruwansa ne ƙwarai, domin caca ta daina jiran a je gidanta, ta biyo wayar hannu ta shigo aljihun yaransa, kuma shaidar da ake nema a ƙofar otal ita ce dai irin takardar NIN da ke ajiye a ƙarƙashin katifarsa.

Kafin a tafi nesa, wajibi ne a fara da hukuncin gida. Haramcin caca a Musulunci ba wurin saɓani ba ne tsakanin malamai, gama Alƙur'ani mai girma ya ambace ta a Suratul Baƙara, sa'an nan ya yanke hukuncinta a Suratul Ma'ida, inda aka haɗa ta da giya wuri guda. Dokar ƙasa ma ba jiya ta fara sa mata ido ba. Kundin Final Kod na Jihar Arewa, wanda aka zartar a 1959 ya fara aiki a 1960, ya lissafa ajiye gidan caca cikin laifuffuka, a 1977 kuma gwamnatin soja ta haramta injinan nan da ake kira kalo-kalo. Da Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, ta kuma kafa Hukumar Hisba da doka a 2003, sai caca ta zama laifin da alƙali zai yi wa Musulmi ta'aziri a kansa. A watan Oktoba na 2024 Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo 30 a unguwa guda cikin birnin Kano, aka yi ta ja-in-ja a kan ko lasisin hukumar tarayya yana kare masu shagunan, har ranar 22 ga Nuwamba na wannan shekara, da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008, ta ce dokar caca ta tarayya ta 2005 ba ta da iko sai a cikin Babban Birnin Tarayya, kowace jiha kuwa majalisarta ke da ta cewa. Saboda haka a ƙasar Kano tambayar kati ba ta ma taso ba. Ko mutum ya zo da katin ɗan ƙasa da fasfo da lasisin tuƙi gaba ɗaya, babu ɗayansu da zai halatta masa abin da shari'a da dokar jiha suka hana.

Amma inda jiha ta yarda ta ba da lasisi, amsar tambayar ita ce i, doka ce, ba tsarin masu gida ba. Dokar hana halatta kuɗin haram, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayu na 2022, ta keɓe wa gidajen caca sashe na kansu, kamar yadda wadda ta gabace ta a 2011 ta yi. Sashen ya ɗora wa kowane gida ya tabbatar da ko wane ne abokin cinikinsa in zai yi hulɗar kuɗi, ta hanyar neman takarda ta asali mai inganci wadda ke ɗauke da sunansa da adireshinsa. Ya rubuta kowace hulɗa bi da bi a cikin rajista, da irinta da adadinta da cikakken sunan mai ita. Ya miƙa rajistar ga hukuma. Ya kuma adana ta aƙalla shekara 5. Ofishin da ke sa ido a kan wannan shi ne SCUML, wanda ke ƙarƙashin EFCC, dokar kuma ba ta bar gidajen caca na intanet a waje ba. Sai dai a lura da wani abu mai daƙiƙa a nan: abin da dokar ta ɗaure shi ne hulɗar kuɗi, watau wurin mai karɓa da biya, ba lalle bakin ƙofa ba. Tsayar da mutum a ƙofa yana zuwa ne daga wani sharaɗi dabam na lasisi, wato hana wanda bai kai shekara 18 ba shiga. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, haka mai gidan da ya karɓi lasisi dole ya ɗauki sharuɗɗansa, ko ransa yana so ko ba ya so.

Me ya sa hukuma ta damu haka da sunan ɗan caca? Ba don tausayin aljihunsa ba ne. Dalili shi ne gidan caca yana daga cikin wuraren da suka fi sauƙin wanke dukiyar haram, ga kuwa yadda ake yi. Mutum ya samo kuɗi ta hanyar rashawa ko fansar waɗanda aka sace, ba shi da bakin da zai kai su banki ba tare da an tambaye shi asalinsu ba, sai ya shiga da jakarsa ya sayi ƙwandalolin robar nan masu launi da ake wasa da su a maimakon kuɗi, ya zauna a tebur ɗan lokaci ya yi asarar kaɗan da gangan, sa'an nan ya tashi ya mai da ragowar wurin mai biya, a ba shi cek ko rasit mai tambarin gidan. Gobe in an tambaye shi ina ya samu, sai ya ce sa'a ce ta faɗo masa. Don toshe wannan kafa ne hukumar duniya da ake kira FATF, wadda aka kafa a Faris a 1989, ta shar'anta cewa duk hulɗar da ta kai dala ko yuro 3,000 a gidan caca sai an san mai ita, ƙasashen Afirka ta Yamma kuma suna bin wannan ta hannun GIABA mai hedkwata a Dakar. Masu ilmin usulu za su gane wannan nan take, domin shi ne abin da Malikawa ke kira saddu zari'a, wato toshe hanyar da ke kai wa ga ɓarna tun ba a kai gare ta ba.

Ƙasashen duniya ba su taru a kan hanya guda ba. A Amurka babu dokar tarayya da ta ce sai an nuna kati kafin a taka ƙofa, har baƙo yana iya ratsa zauren caca na Las Vegas ba wanda ya ce masa kanzil. Amma a jihar Nevada wanda bai kai shekara 21 ba ba ya wasa, in kuwa tsabar kuɗin da mutum ya shigar ko ya fitar a yini guda ta haura dala 10,000, to dole a karɓi shaidarsa a aika da rahoto ga baitulmalin ƙasar, bisa ga dokar 1970 wadda aka shigar da gidajen caca cikinta a 1985. A Ingila dokar 1968 ta tilasta wa mutum ya yi rajista ya jira sa'a 48 kafin ya fara, don zuciyarsa ta huce, daga baya aka rage jiran, dokar 2005 kuma ta kau da shi ɗungum. Faransa ta bi ta ɗaya gefen: tun 1 ga Nuwamba 2006 babu mai shiga zauren caca sai an duba takardarsa a ƙofa.

Abin da ya fi cancanta a tsaya a yi tunani a kansa shi ne ƙasashen da suke neman katin don su hana nasu mutanen shiga. Monako, wadda sunanta ya game duniya saboda gidan cacar Monte Carlo, ta haramta wa 'yan ƙasarta yin wasa a cikinsa. A Masar gidajen caca na manyan otal ba sa karɓar kowa sai mai fasfon wata ƙasa. A Malesiya gidan caca na tsaunin Genting a rufe yake ga Musulmin ƙasar. Singafo kuwa, da ta buɗe gidaje biyu a 2010, ta bar baƙo ya shiga kyauta in ya nuna fasfo, amma ɗan ƙasa sai ya biya dala 100 ta ƙasar a kowane yini, a 2019 aka mai da shi 150. A ganina babu shaidar da ta fi wannan ƙarfi a kan haƙiƙanin caca, domin ga hukumomin da suke cin harajinta, sun san cikinta da bayanta fiye da kowa, amma da aka zo kan 'ya'yansu sai suka sa mai gadi a ƙofa.

Batun shekaru da na hana wanda ya kamu da jaraba ba baƙo ba ne ga wanda ya zauna gaban malami a zaure. Fiƙihu yana da babi sukutum da ake kira hajaru, wato hana yaro da mahaukaci da safihi tasarrufi cikin dukiyarsu har sai hankali da rushudi sun tabbata, kuma mashahurin zance a mazhabar Imamu Malik shi ne in alamomin balaga ba su bayyana ba, a ƙidaya shekara 18. Turawa ma sun komo kan irin wannan, gama a Faransa mutum yana iya neman a sa sunansa cikin jerin waɗanda aka hana, na tsawon shekara 3 aƙalla, in ya zo ƙofa katinsa ne zai tona shi a mai da shi gida.

Yanzu sai mu komo inda abin ya shafe mu kai tsaye. Yaron da ke zaune a kan benci a gidan kallon ƙwallo, janareta na ruri a bayan katangar langa-langa, ba ya bukatar kuɗin mota zuwa Ikko. Ya buɗe manhajar Bet9ja ko SportyBet ko wata irinsu, ya sa lambar waya, ya danna akwatin da ke cewa ya kai 18, ya miƙa wa mai POS da ke ƙarƙashin lema naira 500 a tura masa, shi ke nan ya shiga. Sau da yawa a irin waɗannan manhajoji ba a tsananta bincike lokacin zuba kuɗi. Sai ranar da aka ci, aka zo cirewa, sa'an nan za a ce a kawo shaida, a ce sunan rajista da na asusun banki sai sun dace. Wannan rashin adalci ne bayyananne, har hukumar caca ta Ingila ta hana shi a watan Mayu na 2019, ta ce a tantance shekaru tun kafin a karɓi ko sisi, suna kuma kafin a fara wasa. Wanda aka riƙe wa kuɗi a nan ƙasar Kano kuwa ba shi da inda zai kai kuka, gama ba a zuwa gaban alƙali neman haƙƙi a cikin cinikin da shari'a ta ce ɓatacce ne tun daga tushe.

Daga nan ne wata musiba ta biyu ke ɓullowa, wadda ta fi faɗa wa waɗanda ba su taɓa caca ba. Yaron da shekarunsa ba su kai ba, ko wanda ba shi da asusu, sai ya nufi mahaifiyarsa ko yayansa ko wani dattijo maƙwabci da daɗin baki, ya ce, "Baba, ara mini takardar NIN ɗinka, wani tallafi za a cike." Dattijo ya ɗauko 'yar takardar da aka lulluɓe da leda, ya miƙa, yana sa masa albarka. Tun da aka kafa BVN a 2014, aka kuma tilasta haɗa layin waya da NIN daga Disamba 2020, waɗannan lambobi masu alƙaluma 11 sun zama su ne mutum a idon hukuma, duk abin da aka aikata da su kuwa mai sunan za a nema. A 2025 EFCC ta yi gargaɗi game da masu bi suna sayen irin waɗannan bayanai a hannun jama'a da kuɗin da bai wuce naira 2,000 ba, ana buɗe asusu da su don zamba. In an bi sawun kuɗin haram aka tarar sun ratsa ta asusun da ke ɗauke da sunan wani manomi na Doguwa, rajistar ba ta san cewa aro ya bayar ba, kuma ranar da jami'ai suka yi sallama a ƙofar gidansa, shi zai yi bayani, ba yaron ba.

Don haka, ya ku iyaye da masu unguwanni da limamai, ku riƙa tambaya in an zo aron kati ko lamba: wace hukuma ce, ina ofishinta, me ya hana mai katin ya je da ƙafarsa? Wanda kuma ya riga ya bayar, kada kunya ta hana shi. Ya tafi reshen bankinsa da katinsa a hannu, ya nemi a duba masa asusun da ke rataye da BVN ɗinsa, ya kuma je ofishin kamfanin waya a gaya masa layukan da aka yi wa rajista da sunansa, in ya ga wanda bai sani ba ya sa a rufe shi tun a ranar.