Tururuwa ɗaya ce ta yi cizon

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa tururuwa ta ciji wani Annabi, sai ya sa aka ƙone gidansu ƙurmus. Allah Ya yi masa wahayi na gargaɗi, domin guda ɗaya ce ta yi cizon.

Mu mutanen Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi, hadisin nan da mu yake. 'Yan bindiga su yi kisa a ƙauye, sai 'yan sa-kai su tare Bafulatanin da ya kawo akuya kasuwa, babu shaida, babu alƙali. Da dare kuma a zo ramuwa, a cinna wa garin da bai ji ba bai gani ba wuta.

Wasu matasanmu kan kafa hujja da cewa ai shari'a ma tana ɗora wa dangi diyya. Haka ne, amma a kisan kuskure ne, kuma dukiya dangin suke haɗawa a gaban alƙali. Babu malamin da ya halasta jinin ƙanin mai laifi, balle na wanda harshe kaɗai ya haɗa su.