Gyaran tsofaffin motoci domin hanyoyin karkara: Abin da ya kamata a sani kafin a ɗaga mota

Da zarar damina ta kankama, ƙauyuka da dama a Nijeriya kan koma ba a iya kai musu sai da mota mai juriya. Buhun masara da za a fitar kasuwa, mai naƙuda da za a garzaya da ita asibiti, akwatin allurar rigakafi da ma'aikatan lafiya ke ɗauke da shi, duk sukan dogara ga wata tsohuwar akori-kura wadda sau da yawa ta girmi direbanta. Sabuwar mota mai ja da ƙafa huɗu ta fi ƙarfin aljihun yawancin masu wannan sufuri. Shi ya sa ake ganin tsofaffin Land Cruiser da Hilux da Land Rover da Peugeot 504 a garejin makanikai ana ɗaga su, ana ƙara musu sifirin, ana sa musu manyan tayoyi.

A Turai da Amurka, shiga daji da irin waɗannan motoci nishaɗin ƙarshen mako ne. A nan kuwa hanyar cin abinci ce, kuma motar kan ɗauki rayuka, don haka kuskure a wurin gyara ya wuce asarar kuɗi. Abin da masu mota ba su cika lura da shi ba shi ne, kowane sauyi da aka yi wa mota yana ƙara mata wani abu ya kuma rage mata wani, kuma galibin abin da ke sa mota ta je ta dawo lafiya gyara ne na yau da kullum wanda ido ba ya gani.

Peugeot 504, wadda aka fi sani da Fijo, ta isa misali. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, kamfanin PAN kuma ya riƙa haɗa ta a Kaduna shekaru masu yawa bayan buɗe masana'antarsa a 1975. Da tayoyin baya kawai take ja. Duk da haka, a 1975 ita ce ta lashe gasar tseren Safari ta Kenya, ɗaya daga cikin mafi wahala a duniya, a hannun direba Ove Andersson ɗan ƙasar Suwidin. Ƙarfinta yana cikin ƙafafunta, domin tayoyinta na da sararin hawa da sauka mai yawa, suna bin gargada ba tare da sun bar ƙasa ba. Tayar da ke taɓa ƙasa ita ce ke tura mota. Wadda ke lilo a sama ba ta da amfani komai girmanta.

Kafin a kashe ko kwabo a kan ƙawa, wurin da ya kamata a fara dubawa shi ne shasi, wato ƙashin ƙarfen da gangar mota ke zaune a kai. Tsoffin Land Rover sun shahara da yaudarar mai saye ta wannan fuska: bodinsu na alminiyum ne, ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, amma shasin ƙarfe ne, kuma laka da ruwa kan taru a cikinsa su cinye shi ta ciki. A wanke ƙarƙashin motar, a bi shasin da guduma ana ƙwanƙwasawa, musamman inda sifirin ke ratayuwa da inda akwatin sitiyari ya ɗauru. Inda ƙarfe ya yi sautin da ba ya amsawa ko ya lotsa, ya ruɓe. Gyaransa shi ne a yanke ruɓaɓɓen wurin a mayar da ƙarfe mai kauri irin nasa. Liƙa faci a kan tsatsa rufe ciwo ne kawai. Bayan shasi sai boris ɗin tayoyi, da mahaɗan sitiyari, da robobin ƙafa, da tiyon birki. Motar da sitiyarinta ke wasa a kan kwalta, a hanyar burji ba za ta saurari direba ba.

Yanzu sai batun ɗagawa, wanda a nan ne aka fi tafka kuskure. A motocin da aksil ɗinsu sanda guda ce daga taya zuwa taya, kamar bayan Hilux ko gaba da bayan tsohuwar Land Cruiser, wuri mafi kusa da ƙasa shi ne tulun giyar da ke tsakiyar aksil. Shi ne ke fara karo da tudun da ke tsakanin sawun tayoyi biyu a hanyar da manyan motoci suka farfashe. Ƙara tsawon sifirin ko cusa ƙarfe tsakanin sifirin da aksil yana ɗaga bodi, amma tulun yana nan inda yake. Abin da ke ɗaga shi tsayin taya ne kawai, shi ma rabin abin da aka ƙara: tayar da ta fi ta asali tsayi da santimita 5 za ta ɗaga tulun da santimita 2.5 ne. Ba a ce ɗagawar ba ta da amfani ba. Tana ba wa babbar taya wuri, tana kuma hana gaba da baya da cikin mota gugar ƙasa a bakin rafi. Sai dai a san iyakar abin da aka saya.

Farashinta kuwa shi ne, nauyin mota yana hawa sama tare da bodinta. Motar da nauyinta ya yi sama ta fi saurin kifewa a kwana ko a gefen gangare, balle an loda buhuna da jarkokin mai a kan rufi, fasinjoji kuma sun hau kan kaya. Ɗagawa mai yawa tana kuma karkatar da sandar furofela fiye da yadda aka tsara ta, sai mota ta fara jijjiga, mahaɗan sandar su riƙa mutuwa da wuri. Tiyon birki da aka auna shi da tsayin asali yana iya miƙewa har ya tsinke lokacin da taya ta faɗa rami. Shokazoba ma haka, idan ba a sauya ta da mai tsawon da ya dace ba. Ga motar aiki, ɗagawa ta kimanin santimita 5 ita ce wadda sauran sassa ke iya jurewa ba tare da an sake musu tsari ba.

Akwai kuma al'adar ƙara ganyen sifirin domin mota ta ɗauki kaya fiye da kima. Lalle bayanta zai daina zama, amma aksil da boris da birki ba su san an ƙara komai ba, nauyin da aka ƙera su domin shi suke iya ɗauka. Sannan sifirin mai tauri ba ya lanƙwasa, duk dukan da ya kamata ya shanye sai ya miƙa wa shasi, daga nan tsagewa ke farawa. Ganyen da ya karye kuwa ba a yi masa walda, domin zafin wuta yana kashe taurin ƙarfen, zai sake karyewa a gefen ɗinkin.

Babbar taya ita ma tana da nata lissafi. Idan ta fi ta asali tsayi da kashi 10 cikin 100, ƙarfin da ke isa ƙasa zai ragu da kusan haka, sai a ga motar da ke hawa tudu da giya ta biyu ta koma neman ta ɗaya, kulocinta na ƙauri. Agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da ainihin gudun da ake yi, birki kuma zai ƙara wahala wajen tsayar da ita. Ga shan mai, wanda tun bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya zama abin da kowane direba ke ƙirgawa. Abin da ya fi girma muhimmanci shi ne ƙwarin gefen tayar da zanen da ke jikinta. Zane mai manyan haƙora yana tofar da laka, amma a kan jiƙaƙƙiyar kwalta riƙonsa ya fi rauni. A kuma duba shekarun tayar gwanjo: lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ke farawa da haruffan DOT suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, misali 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, domin roba tana bushewa ko da zanenta bai cinye ba.

Ja da ƙafa huɗu ma ana yi masa mummunar fahimta. A yawancin tsofaffin motocin nan, idan aka shigar da giyar da ke haɗa gaba da baya, ɓangarorin biyu suna juyawa ne a tilas da gudu ɗaya. A laka ko yashi ba damuwa, domin taya na iya ɗan zamewa. A kan busasshiyar kwalta kuwa, duk kwanar da aka sha sai sassan su murɗe wa juna, har wani abu ya karye. Tulun aksil shi kuma aikinsa shi ne barin tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana, kuma wannan ne dalilin da ya sa idan taya ɗaya ta shiga taɓo sai ta yi ta juyawa a banza, 'yar'uwarta da ke kan tudu na tsaye. Akwai na'urar kulle tulun wadda direba ke sawa ya cire, wasu Land Cruiser ma da ita suka fito. Wasu masu gyara kan bi gajeriyar hanya su haɗe haƙoran ciki da walda. Motar za ta fita daga laka, amma a kan titi za ta riƙa cin taya, tana turjewa a kwana, sandunan aksil kuma suna shan murɗa har su tsinke.

Ruwa ne babban maƙiyin inji. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa, don haka idan ya shiga ta hanyar shaƙar iska ya isa cikin silinda, sandar fistin na iya lanƙwashewa nan take. Injin dizal ya fi shiga wannan haɗari saboda matsinsa ya fi na fetur. Bututun da ake ɗorawa a gefen gilashi ya kai bakin shaƙar iska sama yana taimakawa, har ma da rage ƙurar da matatar iska ke sha a lokacin rani, muddin an toshe duk mahaɗansa. Amma bai mayar da mota kwalekwale ba. Ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 60 yana iya tafiya da yawancin motoci, har da manya. Akwai kuma wata ɓarna ta ɓoye: aksil mai zafi idan ya shiga ruwan sanyi, iskar cikinsa tana tsukewa ta zuƙo ruwa ta ƙaramar kafar numfashinsa. Bayan an ƙetare rafi mai zurfi, a buɗe a duba man giyar. Idan ya koma fari kamar madara, a sauya shi. Ɗan tiyo da za a jona wa kafar a kai bakinsa sama yana magance wannan, kuma yana cikin gyare-gyare mafi arha.

Tafiya a hankali da giya ta ɗaya cikin laka ko tudu tana sa inji aiki tuƙuru alhali iskar da ke bugun lagireto kaɗan ce. Lagireto mai tsabta ciki da waje, da fanbel mai kyau, da murfin da ke riƙe matsi, sun fi kowace fitilar ado amfani. Ruwan rijiya yana barin farar ƙasa da ke toshe hanyoyin lagireto, ruwan sanyaya inji na musamman kuma yana hana tsatsa. Cire tamostat, wanda ya zama ruwan dare a garejinmu, ba ya gyara toshewar da ta jawo zafin tun farko.

A tsaunin Mambila da ke jihar Taraba, inda har yanzu tsoffin Land Rover ke jigila tsakanin Gembu da ƙauyukan kewaye, akwai ƙarin matsala biyu. Tsayin wurin ya kai kimanin mita 1,600, injin da ba shi da tabo kuma yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 saboda ƙarancin iska. Wanda ya sa manyan tayoyi a can ya rage ƙarfi a kan ragi. Ta biyu ita ce saukowa. Man birki yana shan danshi da daɗewa, idan kuma aka yi ta taka birki a doguwar gangara sai ya tafasa, feda ta nutse ba tare da mota ta tsaya ba. Shi ya sa ƙwararrun direbobi ke saukowa da ƙaramar giya, inji na riƙe motar, kuma shi ya sa ake sauya man birki duk bayan shekara biyu ko makamancin haka.

A yashi kuwa, irin na Yusufari a jihar Yobe ko hanyar Agadez zuwa Dirkou a Nijar, dabarar da ta fi aiki ba ta cin kuɗi: rage iskar taya zuwa kusan rabi, domin ta shimfiɗu ta hau kan yashi maimakon ta haƙa shi. Sharaɗinta shi ne a tafi da famfo, a mayar da iskar kafin a koma kwalta, in ba haka ba tayar za ta yi zafi ta fashe.

Wajen sayen kaya, ko a Ladipo ta Legas ne, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ana iya yin tsimi a kan fitila da ƙofa da kujera, amma birki da sitiyari ba wurin neman arha ba ne. Wanda ya sauya inji ko launin mota ya je ofishin rajista a daidaita takardunsa da motar. Igiyar ja kuma a ɗaura ta a ƙugiyar da ke manne da shasi, kada a rataya ta a bamba ko a ƙwallon jan tirela, domin idan ƙarfen ya ɓalle yayin fizga, yana tashi ne da ƙarfin da zai iya kashe wanda ke tsaye kusa. Shebur, da jak mai faffaɗan katako a ƙarƙashinsa, da safaya taya mai girma ɗaya da sauran huɗun, su kasance a cikin motar kafin ta bar tasha.