Shin Ko Kun San? Likitocin da ke Sauya Gwiwa da Ƙugu a New York

Shin ko kun san asibitin ƙashi mafi daɗewa a Amurka a gidan wani likita ya fara? A 1863, ana tsakiyar yaƙin basasar ƙasar, Dakta James Knight ya buɗe shi a gidansa da ke birnin New York da gadaje 28. Sunansa na farko ma yana nufin asibitin masu gwaiwa da guragu ne. Abin dariyar shi ne Knight ba ya ƙaunar wuƙa: ya fi yarda da ƙarafan tallafe gaɓoɓi, abinci mai kyau da iska. Sai bayan rasuwarsa a 1887 aka buɗe ɗakin tiyata. Tun 1940 ake kiran wurin Hospital for Special Surgery, ko HSS, kuma yau tiyatar ce sana'arsa.

Shin ko kun san gwiwar ƙarfe irin ta zamani a nan ta samu siffarta? A 1974 mutum uku suka fito da ita: John Insall, haifaffen Ingila, Chitranjan Ranawat, ɗan Indiya da ya yi karatun likita a garin Indore, da injiniya Peter Walker, shi ma mutumin Ingila. Gwiwoyin ƙarfe na farko da yawa kamar fatar ƙofa suke, buɗewa da rufewa kawai. Ita kuwa gwiwar ɗan Adam tana lanƙwasa, tana zamewa, tana ɗan juyawa a lokaci guda, don haka ƙarfen kan girgiza ya saki ƙashi. Dabarar waɗannan ukun ita ce a bar jijiyoyin gefe su ci gaba da riƙe gwiwa, a sauya fuskar ƙasusuwan kawai. A 1978 Insall da injiniya Albert Burstein suka ƙara wani ɗan turke a tsakiya, mai maye gurbin jijiyar baya da ake cirewa.

Saboda haka maganar "an cire masa gwiwa" akwai ƙari a ciki. Likita kan fere kimanin santimita guda daga ƙarshen ƙashin cinya da saman ƙashin ƙwauri, inda guringuntsi ya cinye, ya kifa ƙarfe a kan kowanne, ya sa roba mai tauri a tsakani. A ƙugu ne ake yanke kan ƙashin cinya ɗungurungum, a soka sandar ƙarfe cikin ramin ɓargo, a ɗora mata ƙwallo.

Kayan aikin? Zarto, guduma, na'urar huda da siminti. Wanda ya leƙa ɗakin tiyatar zai ɗauka shagon kafinta ne aka share tas. Shi simintin daga wurin likitocin haƙori aka aro shi, kuma John Charnley na asibitin Wrightington a Ingila ne ya yi fice da shi. Charnley ya fara sa robar Teflon a ƙugu, ta riƙa cinyewa cikin 'yan shekaru, dole ya sake buɗe marasa lafiya da dama. A 1962 ya koma wata robar, aka dace. Mutumin nan har roƙon majinyatansa ya riƙa yi su bar wasiyya a ba shi ƙugun bayan sun mutu, ya duba yadda ya ci.

Shin ko kun san kafin Ba'amurke ya tsaya da ƙafarsa a wannan fanni sai ya kwashe shekara 14 bayan sakandare? Huɗu a digirin farko, huɗu a makarantar likitanci, biyar yana koyon tiyatar ƙashi a ƙarƙashin manya, sannan ɗaya a kan gwiwa da ƙugu zalla. Insall ya yi kusan shekara talatin a HSS, ya rubuta babban littafin tiyatar gwiwa a 1984, ya bar asibitin a 1991 ya kafa cibiya da wasu abokan aikinsa, ya rasu a ƙarshen 2000.

A shekarar 2000 ɗin ce Ranawat ya tashi daga New York zuwa Mumbai ya sauya wa Firaministan Indiya Atal Bihari Vajpayee gwiwa a asibitin Breach Candy, ya koma a 2001 ya yi ɗayar. A lura: likitan ne ya bi shugaban zuwa gida, ba shugaban ya hau jirgi ba. Mu dai mun san yadda namu suke yi.

Tunanin sauya gwiwa dai ba sabo ba ne: tun 1890 wani likitan Jamus, Themistocles Gluck, ya gwada gwiwar hauren giwa. Ƙwayoyin cuta suka ɓata aikin.

Gwiwar ƙarfe ta zamani tana daɗewa kuwa? Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan kashi 82 cikin ɗari na gwiwoyin da aka sauya suna kai shekara 25, na ƙugu kuma kusan kashi 58.

A New York galibi tsufa, ƙiba da amosanin gaɓoɓi ke kawo mutane. A asibitin ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe a 1959, akwai ƙarin wani dalili: sikila. Takan toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya har ya mutu ya rufta, sai ka ga saurayi ɗan ashirin yana ɗingishi. Wannan ba karaya ba ce, maɗori ba shi da abin ɗaurewa.

Sai tambayar da dattawanmu ke fara yi: yaya zan yi salla? Gwiwar ƙarfe takan lanƙwasa digiri 110 zuwa 120, abin da ya isa tafiya, hawa bene da zama a kujera. Zaman tahiya yana neman wajen 150. Wasu kan kai da motsa jiki, da yawa kuma kan ci gaba da sallarsu a kan kujera, ciwon dai ya tafi.