2.3 Takardun Kuɗin Larduna a Faransa

A wannan sashe za a duba dalilin ɓullar takardun kuɗin larduna a zamanin juyin juya halin Faransa. A shekarar 1789 ne gwamnati ta ƙirƙiro takardar kuɗi mai suna asinya. Sai dai na farkon duk manya ne, ga shi kuma jama'a sun ɓoye tsabar azurfa. Wannan ya haddasa ƙarancin canji, har masu masana'antu suka rasa abin biyan leburori.

Don haka, daga 1790 hukumomin garuruwa da attajirai suka buɗe ofisoshin canji. Mutum kan kai babbar asinya a ba shi ƙananan takardu, waɗanda ake kira "takardun amana", ita kuwa babbar a ajiye ta a matsayin jingina. Amma wasu ofisoshin sun buga fiye da abin da suka ajiye, jabu kuma ya yawaita. A watan Nuwamba na 1792 majalisa ta hana buga su, bayan gwamnati ta fito da ƙananan asinya. Wannan ya nuna cewa darajar takardar kuɗi ta dogara ne ga amanar mai buga ta.