Gyaran Bututu da Ƙunshin Lalle

Duk matar da ta saba ƙunshi ta san shafa lalle abu ne mai sauƙi, zaman jiran ne aiki. A kwaɓa, a shafa, a naɗe ƙafa da leda, a zura hannu cikin zunguru, sannan a nemi wuri a zauna. Wadda ta kwance da wuri, lalle ba zai kama ba. Da hunturu kuwa sai an daɗe, har wasu kan matsa kusa da garwashi.

Gam ɗin da ake gyaran bututu da shi halinsa ke nan. A shekarar 1971 wani injiniya, Eric Wood, ya gwada wata dabara a unguwar Hackney ta Landan: maimakon a fasa titi a tono tsohon bututu, sai a jiƙa doguwar rigar ƙyalle da gam, a tura ta ciki, a hura ta har ta manne da bango. Daga nan a sako ruwan zafi ko tururi, ko a ja fitila mai haske na musamman, har gam ya sandare. Sabon bututu ya samu a cikin tsoho, wanda ake sa ran zai kai shekara 50. Ba iska ke busar da wannan gam ba. Sinadarai biyu ne ke cin juna, zafi ya gaggauta su, sanyi ya jinkirta.

A Unguwar Dosa namu bai kai haka girma ba, amma dangi ɗaya ne. Mai gyaran famfo ya tsuguna a bakin kwata, ya matso gam ɗin Araldite daga kwanso biyu a kan murfin gwangwani, ya cuɗa da tsinke, ya shafe tsagar bututun. Ko wanke hannu bai yi ba sai ka ji maigida: "Malam, a buɗe mana ruwa kafin a ɗauke!" Ina jin tausayinsa, domin in ruwan famfo na Malali ya zo kowa so yake ya cika duro. Amma nan aikin ke lalacewa. Gam ɗin ya yi tauri in ka taɓa da farce, amma bai gama sandarewa ba, ƙarfin ruwa ya huda shi.

Shafi na biyu ma da ƙa'idarsa. Hannu mai maiƙo ba ya karɓar lalle. In za a ƙara gam, a ƙara tun na farko yana ɗan danƙo. In ya riga ya sandare ya yi santsi, sai an kankare shi da sanfefa, an goge ƙura, an bushe wurin sarai. In ba haka ba, na biyun ya ɓare.

A tara ruwa tun kafin a kira mai gyara, a rufe bututun ya kwana. Yawancin ƙananan bututunmu ta gefen kwata suke bi, kuma duk sanda aka ɗauke ruwa, tsagar da ba ta liƙu ba tana zuƙo ƙazanta ciki. Ruwan da yara za su sha gobe da safe ta nan zai biyo.