Minti Ɗaya Kafin A Yanke Cibiyar Bakwaini

Shirinmu na musamman a yau zai leƙa ɗakin haihuwa, inda za mu duba lokacin da ya dace a ɗaure cibiyar jariri a yanke, musamman bakwaini, wato wanda ya zo duniya kafin ciki ya cika mako 37.

Shekara da shekaru, al'adar asibitoci ita ce da zarar bakwaini ya faɗo sai a matse cibiya a yanke, a garzaya da shi kwalba. Amma da ungozoma za ta ɗora yatsa a kan cibiyar nan a wannan lokaci, za ta ji tana harbawa, a cike take tam, domin mabiyiya ba ta gama tura wa jaririn jininsa ba. Da ya ja numfashin farko, huhunsa ya buɗe, yana buƙatar wannan jini. In aka datse hanyar da wuri, zuciya kan rasa isasshen jinin da za ta tura, ga shi kuma jijiyoyin ƙwaƙwalwar bakwaini ba su yi ƙwari ba.

Masana a Jami'ar Sydney ta ƙasar Ostareliya sun jagoranci bincike a kan jarirai sama da 1,500 da aka haifa kafin mako 30. An yanke wa wasu cibiya cikin daƙiƙa 10, wasu kuma aka jira minti ɗaya. Da aka bibiye su har suka cika shekara biyu, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna cewa jiran ya rage haɗarin mutuwa ko mummunar nakasa da kashi 17 cikin ɗari, kuma waɗanda aka yi wa ƙarin jini sun ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawararta ita ce a jira minti ɗaya zuwa uku.

Wannan magana ta shafe mu ƙwarai, domin Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan haihuwar bakwaini, kuma jiran nan ba ya buƙatar wutar lantarki ko kuɗi. A goge jikin jariri, a lulluɓe shi da busasshen zane don kada sanyi ya kama shi, a duba agogo.

Sai dai fa, idan jariri bai yi numfashi ba kuma ana buƙatar farfaɗo da shi nan take, ko uwa na zubar da jini sosai, ma'aikatan lafiya ne za su yanke hukunci. Shi ya sa haihuwar bakwaini sai asibiti.

Uwargida mai juna biyu, idan kin je awo, ki tambayi ungozoma yadda suke yi da cibiya. Maigida, kai ma ka raka ta ka ji da kunnenka.

Allah Ya sauke matanmu lafiya, Ya raya mana zuri'a. A huta lafiya.